Zambo, Habaici da Shari'ar Ɓata Suna: Waiwaye Daga Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

A watan Nuwamba na shekarar 2022 wata kotun majistare a birnin Kano ta yanke wa wasu samari biyu, Mubarak Isa Muhammad da Nazifi Muhammad Bala, hukuncin bulala 20 kowannensu, da tarar kuɗi, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Laifin da aka same su da shi shi ne ɓata sunan gwamnan wancan lokaci, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, a wani ɗan wasan barkwanci da suka sa a TikTok. Ranar da labarin ya iso majalisarmu ta bayan la'asar a Karaye, sai dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce maganin yaran zamani ke nan, domin Bahaushe bai gaji yi wa shugaba ba'a ba. Wasu suka ce sam, ai tun kaka da kakanni ana yi, kuma ba a kai kowa gaban alƙali ba. Wani malamin firamare da ke zaune tare da mu ya juyo ya ce da ni, "Baba, ku da kuke bin tarihi, wanne ne gaskiya? Gobe yara za su tambaye ni a aji."

Wannan maƙala amsa ce ga tambayar malamin. A taƙaice, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Al'adar Bahaushe ta ba da filin yi wa babba ba'a, amma ta kewaye filin da shinge. Abin da nake so in nuna shi ne yadda shingen yake, yadda ya rushe, da kuma abin da ya biyo baya da aka maye gurbinsa da kotu da gidan yari.

Ma'anar Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe kalmomi huɗu da ake yawan cakuɗa su.

Zambo shi ne kishiyar yabo. Mawaƙi kan ɗauki wani mutum ya siffanta shi da abin dariya ko abin ƙyama, ya muzanta kamanninsa ko halinsa, don ya rage masa daraja a idon jama'a. Habaici kuwa magana ce mai harshen damo, a jefa ta a sarari ba tare da an nuna wanda ake nufi ba, sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zagi shi ne a fito fili a ci mutuncin mutum ko iyayensa. Ƙazafi kuma shi ne a jingina wa mutum wani aikin assha da bai yi ba, a faɗe shi a matsayin labari na gaskiya. A shari'ar Musulunci ƙazafin zina yana da haddi na bulala 80, kamar yadda ya zo a Suratun Nur.

Bambancin yana da muhimmanci. Idan mawaƙi ya kira abokin hamayyar ubangidansa kura ko biri, babu mai hankalin da zai ɗauka cewa mutumin ya tsiro da wutsiya. Amma idan ya ce wane ya saci kuɗin gina asibiti, to ya ba da labarin da za a iya bincikawa a gano gaskiya ne ko ƙarya. Na farko zambo ne. Na biyu, in ƙarya ne, ɓata suna ne.

Filin da Al'ada ta Bayar

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Karaye da Rogo kafin talabijin ya yawaita ya san wasan kalankuwa. Bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata sukan naɗa nasu sarakuna, da alƙali, da ɗan doka, da malamin haraji, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya. Sau da yawa dagaci yana zaune yana kallo. A watan azumi kuma akwai tashe, inda yara ke bi gida gida suna kwaikwayon mai rowa, da malalaci, da tsohon da ya ƙi girma. A birnin Kano, Nalako ne ke jagorantar tashen gwauro, a kama wanda ya ƙi aure a zaga gari da shi. A cikin gidan sarauta akwai wasan gauta, wanda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Akwai wawan sarki, wanda ke faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Akwai 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya, da kuma 'yan gambara masu yawo kasuwa kasuwa.

Har ila yau akwai wasan barkwanci tsakanin al'ummomi, kamar na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi. Mu da muke bakin iyaka mun fi kowa sanin wannan. Mutumin Rogo ko Zarewa zai haɗu da Bazazzagi a kasuwa su yi ta jifan juna da maganganun da, in da wani ne ya faɗa, sai an raba faɗa. A tashi a ci goro tare.

A fada kuwa, zambo wani ɓangare ne na waƙar sarauta. Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, idan sun gama yabon ubangidansu, sukan juya kan 'yan sarkin da suka nemi sarautar suka rasa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da waƙar zambo mai suna Gagarabadau, wadda har yau idan aka sa ta a majalisa sai an yi gardamar da wa yake. Wannan gardama ita ce shaidar gwanintarsa.

Idan aka duba waɗannan duka, za a ga shinge guda huɗu. Na farko, ba a kama suna. Bahaushe ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma bai ce a faɗi sunan ba. Rashin kama suna yakan bar wa wanda aka yi dominsa ƙofar fita: ya yi dariya tare da kowa, ya je ya gyara a ɓoye. Na biyu, akwai lokaci da wuri. Kalankuwa da kaka ake yi, tashe da azumi, in lokacin ya wuce an rufe. Na uku, an san mai maganar. Makaɗi yana da ubangida, yaro yana da uba da mai unguwa, in ya wuce gona da iri akwai wanda zai tsawatar masa. Na huɗu, maganin waƙa waƙa ce. Wanda aka yi wa zambo yakan nemi nasa makaɗin ya rama, ko ya yi kyauta ya rufe bakin mai yi.

Abin da ya Faru da Ni

Ban fahimci hikimar wannan shinge ba sai da abin ya zo kaina. A tsakiyar shekarun 1980, ina ƙaramin ma'aikaci, an ɗora mini rubuta sunayen manoman da za a sayar wa takin zamani a wani yanki na ƙasarmu. Da kaka ta yi aka gayyace ni kallon kalankuwa a wani ƙauye. Ana cikin wasa sai ga wani saurayi ya fito da tabarau na kara, ya saƙala tsinke a kunne a matsayin biro, yana tafe yana ɗan karkata kafaɗa. Aka jeru a gabansa. Duk wanda ya zo sai ya tambaye shi, "Kai ɗan gidan wa ne?" In ya ce surukinsa ne sai ya rubuta, in ya ce talaka ne sai ya ce ya dawo jibi. Fili ya kaure da dariya, idanu suka juyo kaina. Tafiyar tawa ce, babu ko tantama.

Na koma gida raina a ɓace, na yi niyyar kai ƙara da safe. Da na shaida wa ƙanin mahaifina, sai ya ce, "Sun kama sunanka?" Na ce, "A'a, Baffa." Ya ce, "Sun ce ka saci buhu?" Na ce, "A'a, cewa suka yi ina fara rubuta na kusa da ni." Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, kana yi?" Na yi shiru. Ya ce, "In ka kai ƙara, yau ƙauye ɗaya ne ya sani, gobe gunduma ce za ta sani. Je ka gyara littafinka."

Na gyara. Babu takardar gargaɗi daga ofis da ta taɓa yi mini aikin da wannan saurayi ya yi mini, kuma a cikin manoman nan babu wanda zai iya tsayawa a gabana ya faɗa mini haka ido da ido.

Inda Zambo ke Cutarwa

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke zambo ne tas. Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1957 yadda maroƙi kan sauka a gari ya yi ta yabon mai hali, in ba a ba shi ba ya juya yabon ya koma muzantawa har sai an biya. Mu ma mun ga irin wannan a gidajen biki. Mun ga an tona asalin mutum an ce kakansa bawa ne, an yi wa mai lalura dariya da lalurarsa, an jefi matar aure da maganar da ta kashe mata aure. Saboda haka ne malamai suka daɗe suna ƙyamar roƙo, suna jan hankali da ayoyin Suratul Hujurat da suka hana izgili da jifa da miyagun laƙabi da giba. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Littattafan adabin Larabci sun ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, wani babban mutum mai suna Zibriƙan ɗan Badar ya kai ƙarar mawaƙi Huɗai'a kan wani baiti. Da Halifa ya ji baitin bai ga zagi a fili ba, sai ya kira Hassanu ɗan Sabit, wanda shi ma mawaƙi ne, ya tambaye shi. Hassanu ya tabbatar da cewa zambo ne mai zafi, aka tsare Huɗai'a, daga baya aka sake shi bisa alkawarin zai daina. Abin lura a nan guda biyu ne: wanda aka yi wa zambon shi ya kai ƙara da kansa, kuma mai hukunci bai yanke ba sai da ya nemi masanin waƙa ya fassara masa abin da baitin ke nufi.

Zuwan Siyasar Jam'iyyu

Shingen ya fara tsagewa ne da zuwan siyasar jam'iyyu. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Kowacce ta samu mawaƙanta. Malam Sa'adu Zungur ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da tasa waƙar, Gambo Hawaja kuma ya yi wa NEPU waƙoƙin da suka zaga ƙasa. Musayar Sa'adu da Mudi ta bi tsohuwar hanya, wato waƙa ta amsa waƙa. Amma a ƙauyuka abin ya sha bamban. A lokacin, kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari duk suna hannun En'e, ba a yin taro sai da izninta, lauya kuma ba ya shiga kotun alƙali. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake ɗaure ɗan NEPU da laifin zagin sarki ko rashin ladabi saboda waƙar da ya rera a dandali. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a wannan zamani. Wato wanda ake suka shi ne kuma mai kotun.

A 1960 aka fara aiki da kundin Final Kod a Jihar Arewa. Sashe na 391 ya bayyana ma'anar ɓata suna, sashe na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: sashe na 391 ɗin ya yi togaciya. Faɗin gaskiya don amfanin jama'a ba ɓata suna ba ne, haka nan bayyana ra'ayi da kyakkyawar niyya kan yadda ma'aikacin hukuma ke gudanar da aikinsa. Da saurayin nan mai tabarau na kara ya tsaya gaban alƙali mai adalci, da wannan togaciya ta kuɓutar da shi, ni kuma na ji kunya.

A Jamhuriya ta Biyu, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, da PRP ta rabu gida biyu, sunayen da ɓangarorin suka tashi da su, Santsi da Taɓo, su kansu daga jifan juna da magana suka samo asali. Kaset ya zo a wannan lokaci, waƙar da aka rera a Kano da safe sai a ji ta a tashar motar Karaye da yamma. Shingen lokaci da wuri ya faɗi ke nan.

Hukumar Tace Finafinai da Mawaƙan Zamani

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000, gwamnati ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. Daga 2007, lokacin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta a gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, dangantaka ta yi tsami tsakaninta da masu fim da mawaƙa. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango wata 3 kan faifansa mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro wata 2 kan fim ɗin Ibro Aloko, a ƙarshen shekarar kuma aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyantama hukuncin ɗauri kan fim ɗinsa Tsintsiya. Mawaƙa suka mayar da martani da waƙoƙin habaici. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta sauraro da yaɗa waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, kan waƙarsa Hasbunallahu, wadda addu'a ce a kan azzalumai ba tare da kama sunan kowa ba. Ina iya tunawa a lokacin matasa na tura wa juna waɗannan waƙoƙi daga waya zuwa waya a wajen masu cajin batir. Waɗanda ba su taɓa jin su ba sai da aka hana suka nema. A 2010 kuma reshe ya juye da mujiya: masu shirya fim suka kai shugaban hukumar ƙara a kotun majistare a Kaduna, suna zargin ya ɓata musu suna a wata hira ta talabijin.

Shekarar 2019 ta shafe mu kai tsaye. A watan Mayu gwamnati ta ƙirƙiro masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Karaye, aka ba Sarkin Karaye Alhaji Ibrahim Abubakar II sanda mai daraja ta ɗaya. Waƙoƙi suka ɓarke ta kowane ɓangare, masu murna da masu takaici, kowanne da nasa habaicin. A watan Yuni na shekarar aka yanke wa wani mawaƙi, Muhammad Yusuf da aka fi sani da AGY, ɗaurin shekara 2 kan tuhumar da ta haɗa da ɓata sunan gwamna a waƙa. A watan Satumba aka kama Nazir M. Ahmad, wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa, bisa tuhumar sakin waƙoƙi ba tare da an tace su ba. Mutane da yawa sun danganta kamun da rikicin gwamnati da fada. A watan Maris na 2020 aka sauke Sarki Sanusi. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta soke dokar masarautun ta mayar da shi, a watan Yuli kuma aka sake kafa masarautar Karaye a matsayi mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. Cikin shekara biyar, waƙar da take yabo ta koma habaici, wadda take laifi ta koma abin sawa a lasifika. Sarki goma, zamani goma.

A nan akwai abin da ya kamata a lura da shi. A yawancin waɗannan shari'u, tuhumar ba ta ɓata suna ba ce, ta rashin kai waƙa a tace ce ko rashin rajista. Ma'ana, ba a kai ga tambayar Baffana ba, wato shin abin da aka faɗa gaskiya ne ko ƙarya. Bugu da ƙari, sashe na 308 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a gurfanar da gwamna yana kan mulki, alhali mawaƙi ba shi da wannan rigar kariya.

Su ma mawaƙan ba su tsira daga laifi ba. Waƙar siyasa ta yau takan yi wa ɗan takara laƙabi da dabba ta yadda ko yaro ya san da wa ake, ta shiga halittarsa da iyalinsa, wani lokaci ta jingina masa laifin da babu hujja. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja ta Jihar Katsina, maƙwabtanmu ta yamma, ya yi fice wajen zambon siyasa. A watan Maris na 2023, bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamna, wasu suka kai wa gidansa na Kano hari suka cinna wuta. Duk abin da mutum ya rera, ƙona masa gida ba shari'a ba ce, kuma ba al'ada ba ce. Ga inda ake zuwa idan shinge ya faɗi, ba a kuma amince da kotu ba.

Yadda Wasu Suka Warware

Sashe na 39 na Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don kare haƙƙin wasu da zaman lafiya. Tambayar ita ce a ina za a ja layi. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta wanke marubuci Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda littafin da ya soki Gwamna Jim Nwobodo na Anambra. Kotun ta ce dokar tunzura jama'a da aka gada daga Turawa ba ta dace da ƙasa mai 'yanci ba, shugaban da ya ga an yi masa ƙarya ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1964 cewa mai riƙe da muƙami ba zai ci diyyar ɓata suna ba sai ya nuna an san ƙarya ce aka faɗa, ko an yi ganganci da gaskiya. A 1988 ta ƙara da cewa ba'ar da babu mai hankalin da zai ɗauke ta labari ba ta jawo diyya, komai zafinta. Ghana ta soke dokar ɗauri kan ɓata suna a 2001, Ingila, wadda ta kawo mana irin wannan doka, ta soke tata a 2009. A 2014 Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke, a ƙarar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da ƙasar Burkina Faso, cewa ɗauri ya yi tsanani a matsayin hukuncin ɓata suna. A nan gida kuma, a 2024 an yi wa sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 gyara, bayan an daɗe ana kukan ana amfani da shi wajen kama masu suka.

Ba na cewa mu kwafi Amurka, domin abin da suke haƙuri da shi na batsa da cin zarafi tarbiyyarmu ba ta ɗauka. Amma layin da waɗannan kotuna suka ja, tsakanin ba'a da labarin ƙarya, da kuma tsakanin aikin shugaba da mutuncin gidansa, shi ne layin da dattawan ƙauyenmu suka sani tun ba su ga lauya ba.

Kammalawa

Ga malamin da ya yi mini tambaya, da sauran malaman makaranta, ga abin da zan ce ku gaya wa yara. Idan suka ji waƙa ko suka ga wasan da ya taɓa wani, su yi tambaya huɗu. An kama suna? Siffantawa ce ta dariya, ko labari ne da ake so a gaskata? In labari ne, akwai hujja? Sannan aikin mutumin aka taɓa, ko asalinsa da iyalinsa da halittarsa? Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi ba zai yaɗa ƙazafi a waya ba, ba kuma zai ɗauki kowace suka a matsayin rashin kunya ba.

Ina kuma roƙon ku da ku sa ɗalibai su zauna da tsofaffin Yammedi da Turawa da Fulatan da Beli, su rubuta yadda ake kalankuwa da tashe a da, da abin da ake faɗa, da abin da ba a faɗa. Mu masu bin tarihi mun san cewa takardun ofis ra'ayin hukuma suke ɗauke da shi. Abin da talaka ya ji game da haraji, da aikin tilas, da rabon taki, a cikin habaicinsa yake. Duk waƙar da tsoro ya hana a rera, shafi ne ya ɓace daga tarihinmu.

Ga mawaƙa da masu barkwanci, magana zarar bunu ce. Gwanintar magabatanku tana cikin iya faɗa ba tare da kama suna ba, da tsayawa kan hali a bar asali. Ga masu mulki kuma, wanda aka yi wa ƙarya yana da haƙƙin ya nemi kotu ta wanke shi, ya je da ƙafarsa kamar yadda Zibriƙan ya je, a kira masana harshe su fassara waƙar, a ba mawaƙi damar kawo hujja. Amma tura 'yan sanda a kan ba'a bai taɓa kashe waƙa ba a iya abin da na gani, sai dai ya ƙara mata kasuwa, kuma dokar da ka kama mawaƙin wani da ita yau, da ita za a kama naka gobe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saurayin nan mai tabarau na kara yanzu dattijo ne mai jikoki. Mukan haɗu a wajen ɗaurin aure ko jana'iza, in ya gaishe ni sai ya ɗan karkata kafaɗa, mu yi dariya. Allah Ya ba shugabanninmu haƙurin sauraro, Ya ba mawaƙanmu tsoronSa a kan harsunansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.